Yadda Ake Farfaɗo da Dainamon Asali na Tsohuwar Land Rover da Haɗa Masa Waya

A wasu tsofaffin gidaje na Gusau da Ƙaura Namoda da Talata Mafara, har yau ana samun Land Rover kwance a ƙarƙashin rumfa, ta gado, wadda kaka ya yi rangadi da ita zamanin En'e ko ya yi sayen auduga da gyaɗa da ita a ƙauyuka. Idan Allah ya kawo jikan da ya ƙudura tayar da ita, shawarar farko da zai ji a gareji ita ce: "Alhaji, a cire dainamon nan a jefar, a ɗora mata altaneta ta motar Japan, a huta." Dainamo shi ne na'urar da ke yi wa batir caji idan inji na gudu, altaneta kuma ta zamani ce mai wannan aikin. Ni ban goyi bayan wannan shawara ba. Yawancin dainamon da ake cewa ya mutu, bai mutu ba. Ko dai burushi, wato ɗan kabon da ke ɗauko wuta a cikinsa, ya cinye, ko maganaɗisun da ke cikinsa ya gushe saboda daɗewa a ajiye, ko wayar ati, wadda ke zuwa jikin mota, ta yi tsatsa. Duk waɗannan aikin yini ɗaya ne zuwa biyu. Mota kuma da kayanta na asali ta fi daraja, ga mai ita da ga mai saye.

Bayanin nan ya fi karkata ga dainamon kamfanin Lucas na Ingila, samfurin C39 da C40, waɗanda ke kan Land Rover Series II da IIA da aka ƙera daga 1958 zuwa 1971. Daga Series III ne aka koma altaneta. Irin wannan dainamo yana kan Morris da Austin na wancan zamani, har da tsofaffin taraktocin Massey Ferguson, don haka wanda ya iya ɗaya ya iya sauran. Na Volkswagen Beetle kuwa na Bosch ne, tsarinsa ya sha bamban, zan zo kansa daga baya.

Abu biyu da za ka tabbatar kafin ka ɗauki sifana

Na farko, wane kan batir ne ke haɗe da jikin mota. Motocin yanzu duk mai alamar − ne ke zuwa jiki. Land Rover da aka yi kafin 1967 kuwa mai alamar + ne ke zuwa jiki. Kada ka dogara da shekarar mota kawai, domin motar da ta shekara hamsin a hannun makanikai daban-daban mai yiwuwa an juya ta tuntuni. Duba girman bakin wayoyin batir: kan + ya fi kan − kauri, saboda haka bakin da ya fi faɗi shi ne na +. Bi shi ka ga ina ya tafi, jikin mota ko wajen kik.

Na biyu, karanta abin da aka buga a jikin dainamon da murfin akwatin regileta, wato akwatin da ke daidaita caji. A jikin na Lucas za ka ga samfuri da 12V. Akwatin da aka fi samu shi ne RB106, baƙi, mai bakuna biyar a jere: A1, A, F, D, E. Akwai kuma RB340 mai ɗan faɗi, wanda bakunansa B, F, WL, D, E ne. Ɗauki hoton komai da waya kafin ka kwance ko noti guda, sannan ka naɗa wa kowace waya ɗan salatif ka rubuta harafinta.

Kayan aiki ba su da yawa: mita mai auna bolt da om, sifanoni na inci ba na milimita ba, sukudireba babba da ƙarama, filaya, samfefa mai laushi irin ta gilas, tsumma mai tsabta, ɗan fetur, man inji SAE 30, giris mai jure zafi, dalma da ƙarfen narka ta, da guntayen wayoyi masu ƙarfen cizo a baki.

Yadda abin yake aiki, a taƙaice

Sai ka fahimci wannan sannan gwaje-gwajen za su yi maka ma'ana. A cikin dainamo akwai ameca, wato dunƙulen wayar jan ƙarfe da ke juyawa, da kwayil biyu na fil da ke manne a jikin gangar. Ƙarfen da aka naɗa kwayil ɗin a kai yana riƙe ɗan maganaɗisu ko da mota a kashe take. Ameca na fara juyawa sai wannan ɗan maganaɗisu ya haifar da 'yar wuta, wutar ta fita ta bakin D, ta bi ta regileta ta dawo ta bakin F ta ƙara wa fil ƙarfi, fil ya ƙara wa ameca, haka har ta kai bolt 13. A nan ne katawut, wato makunnin da ke cikin akwatin, zai rufe ya haɗa dainamo da batir. Idan inji ya lafa, katawut ya buɗe, don kada batir ya juye wutarsa cikin ameca ya ƙone ta. Regileta kuma aikinsa rage wutar fil idan caji ya nemi ya yi yawa.

Ka ga ke nan idan wancan ɗan maganaɗisu ya tafi, ko ya juya baibai, lafiyayyen dainamo ma ba zai ba da komai ba.

Gwaji a kan mota

Idan injin na tashi, kada ka yi gaggawar sauke dainamo. Fara da fambel: danna shi da babban yatsa a tsakiyar inda ya fi tsawo, ya kamata ya lotsa kamar rabin inci, wato milimita 13. Sannan ka cire wayoyin D da F daga bayan dainamo, ka haɗa bakunan biyu na dainamon da guntuwar waya. Sa mita tsakanin D da jikin inji. Tayar da mota a silo, ka ƙara wuta a hankali. Lafiyayyen dainamo zai sa mita ta hau da sauri ba tare da rawa ba. Kada ka bari ta wuce bolt 20, kada kuma ka taka totur da ƙarfi don ka tilasta mata hawa, domin a wannan hali babu regileta da ke tsare shi.

Abin da mita ta nuna shi zai faɗa maka inda cutar take. Idan ba ta motsa ba ko kaɗan, zargi burushi ko gushewar maganaɗisu. Idan ta tsaya tsakanin rabin bolt da bolt ɗaya, matsalar tana wajen fil. Idan ta kai bolt 4 ko 5 ta ƙi gaba, ameca ce. Idan kuwa ta hau lafiya lau, dainamonka ba shi da laifi, sai ka koma kan wayoyi da akwatin regileta.

Motar da injinta bai tashi ba tukuna, akwai wata hanya. Cire fambel, haɗa D da F kamar ɗazu, ka kawo wuta daga kan batir da ba ya zuwa jiki ka taɓa su. Dainamo zai juya da kansa a hankali, ta ɓangaren da inji ke juya shi. Daƙiƙa kaɗan sun isa. Idan ya juya sumul, akwai rai a jikinsa. Idan yana juyi yana tsayawa, ko sai an tura shi da hannu, sai an buɗe.

Buɗewa

Cire batir tukuna, kan da ke zuwa jiki shi ne farko. Noti uku ke riƙe da dainamo, biyu a ƙasa, ɗaya a kan ƙarfen da ake ja a ɗaure fambel. Sauke shi ka kai kan tebur mai tsabta, ba ƙasa cikin rairayi ba.

Kwance notin fuli. Riƙe fulin da tsohon fambel a cikin bais, kada ka cusa sukudireba cikin fanka don ka tokare ta, fikafikanta za su lanƙwashe. Fitar da fuli da fanka, sannan ɗan ƙaramin ƙarfen nan mai kamar jinjirin wata da ke cikin tsagar sandar. Ajiye shi a gwangwani, domin ya fi komai saurin ɓata. Daga baya akwai dogayen kusoshi biyu da suka ratsa gangar tun daga wannan murfi zuwa wancan. Kwance su, murfin baya zai fito da burusansa, sannan ka zaro murfin gaba tare da ameca. Kula da 'yar siririyar zoben fayiba da ke kan sandar ta baya, ita ma tana son faɗuwa ba a sani ba.

Abin da za ka tarar a ciki, idan motar ta daɗe a ajiye a ƙasarmu, sananne ne: ƙurar hunturu da ta haɗu da baƙin garin burushi ta daskare, wani lokaci da ɗakin zanzaro a cikin ramukan iska. Goge da busasshen buroshin fenti, ka hura da iska. Kada ka tsoma ameca ko kwayil cikin fetur ko kananzir, man na jiƙa rufin wayar ya lalata shi. Tsumma mai ɗan danshin fetur ya wadatar.

Manyan sukurori biyu da ke riƙe da ƙarafan fil a jikin ganga, ƙyale su. An ɗaure su da ƙarfin inji, kuma babu dalilin taɓa su sai in kwayil ɗin ne za a canza.

Burushi da kwamiteta

A nan ne yawancin aikin yake, don haka a nan za mu daɗe.

Burushi biyu ne na kabon, kowanne a cikin ɗan gidansa da sifirin a bayansa. Ɗaga sifirin ka ja wayar burushin a hankali. Ya kamata ya yi ta shiga da fita ba tare da maƙalewa ba. Wanda ya maƙale, fito da shi ka goge gefensa da fayil mai laushi, ka share gidan. Auna tsawonsa: idan ya ragu zuwa kusan milimita 7, ya gama aiki. Ni ko ya ɗan fi haka canzawa nake yi, tunda an riga an buɗe. Sifirin da ya yi tsatsa ko ya saki shi ma a canza, domin burushin da ba a danne shi da kyau ba tsalle yake yi yana tartsatsi, tartsatsin kuma ke cin kwamiteta, wato zoben jan ƙarfen da yake gogawa a kai.

Wajen sayen burushi a yi hattara. Na kik yana da jan ƙarfe a cikinsa, yana da tauri, zai ci maka kwamiteta cikin 'yan watanni. Wasu kan sassaƙe na wata na'ura su cusa. Tafi da tsohon a aljihu. Idan babu a Gusau, tambayi masu kayan tarakta kafin ka aika Kano kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka a Kaduna, domin sau da yawa abin da masu kayan mota suka manta da shi yana nan a shagon masu kayan noma.

Ɗaya daga cikin gidajen burushin haɗe yake da murfi kai tsaye, shi ne na ati. Ɗayan an raba shi da murfin da fayiba, shi ke zuwa bakin D. Auna da mita: tsakanin na D da murfi bai kamata a samu hanya ba ko kaɗan.

Kwamiteta shi ne zoben jan ƙarfe mai tsage-tsage da burushi ke gogawa a kai. Lafiyayye santsi gare shi, launinsa ruwan ƙasa mai ɗan duhu, kuma wannan launi ba datti ba ne. Idan baƙi ne kawai, tsumma da fetur. Idan akwai 'yan zane-zane, yanko samfefar gilas siririya, ka naɗa ta a kai kana juya ameca da hannu har ya yi sumul. Kada ka kusanto da samfefar ƙarfe, baƙar nan ta emeri, domin garinta na ɗaukar wuta, yana shiga tsagogin ya haɗa su. Idan kuwa burushi ya haƙa rami a jiki, ko zoben ya daina zama da'ira, sai an kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe su ɗan fere shi. Ka tsaya a kansu, ka ce a cire iya abin da zai share ramin kawai. A kan C40 mai zoben da aka zuba a roba, kada kaurin ya gaza inci 1.45, wato kusan milimita 37.

Sai tsagogin. A tsohon samfuri, abin da ke raba yankunan jan ƙarfen ya fi jan ƙarfen tauri, don haka idan zobe ya cinye sai ya taso ya riƙa ɗaga burushi. Samu karyayyen zarton ƙarfe, ka wasa gefensa har kaurinsa ya yi daidai da tsagar, ka rage abin zuwa zurfin kusan milimita 0.8, tsaga bayan tsaga. Aiki ne na haƙuri, hannu na zamewa sai ka ja zane a kan zoben. A sabon samfuri mai roba an riga an yi zurfin tun daga kamfani, share dattin ciki kawai za ka yi da tsinke.

Duba inda wayoyin ameca suka haɗu da zoben. Idan ka ga ɗigo-ɗigon dalma a watse a cikin gangar, dainamon ya taɓa yin zafin da ya narkar da ita. Ana iya sake liƙawa, amma ka sani akwai dalilin zafin, galibi regileta ne da aka murɗe, kuma in ba a gyara shi ba abin zai dawo.

Auna ameca da fil

Sa mita a kan om. Tsakanin zobe da sandar ameca kada a samu hanya. Tsakanin kowane yanki da maƙwabcinsa kuwa a samu, kuma adadin ya zama kusan ɗaya a duk kewayen. Akwai gajeriyar hanya da kan ɓuya a cikin naɗin wadda mita ba ta gani. Wannan sai a wurin masu naɗin waya, waɗanda ke da na'urar da ake ɗora ameca a kai tana gurnani, a riƙe reza ko zarto a sama, inda ya yi rawa nan cutar take.

Fil: auna tsakanin bakin F da jikin ganga. Ya kamata ka ga kusan om 6. Idan mita ba ta nuna hanya ba, waya ta tsinke, sau da yawa a ɗan mahaɗin da ke tsakanin kwayil biyun, kuma dalma na gyara shi. Idan adadin ya yi ƙasa sosai, rufin ya ƙone, wutar na tsallakawa. Irin wannan fil ɗin yana jan wuta fiye da kima, shi ke ƙona bakin regileta, don haka wanda ya sa sabon akwati bai auna fil ba zai sake saye. Ƙyallen da aka naɗe kwayil da shi in ya ruɓe, a sake naɗewa da tef na auduga a shafa banish.

In ta kama sai an sake naɗin ameca, masu naɗin fanka da injin ruwa da ke cikin gari za su iya, da sharaɗi guda: su ƙirga zagayen tsohuwar waya, su auna kaurinta, su mayar da irinta daidai.

Boris da bushi

Gaba boris ne, baya bushin tagulla. Juya boris da yatsa, in yana ƙara ko yana girgiɗi a canza, a cika sabon da giris mai jure zafi. Bushin baya shi ne abin da aka fi zalunta. Tagullarsa tana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, tana shan mai kamar yadda sabon tulu ke shan ruwa, da wannan man take rayuwa. Saboda haka sabon bushi sai an jiƙa shi cikin man inji awa 24 kafin a sa. A tura shi a miƙe, kada kuma a ƙwaƙule cikinsa don a faɗaɗa, yin haka na toshe ƙofofin. Bushin da ya cinye yana barin ameca ta riƙa gogar ƙarafan fil, za ka ga alamar gogar tana ƙyalli a jikinta.

Wajen mayarwa, ɗaga kowane burushi a gidansa ka tokare shi da sifirin ta gefe, ka zura murfin a kan zobe, sannan ka sa siririyar sukudireba ta ramin iska ka mayar da sifirin bisa kan burushi. Akwai ɗan ƙulli a bakin ganga da ke shiga ramin murfi, tabbatar ya zauna kafin ka ɗaure dogayen kusoshin. Juya da hannu, ka maimaita gwajin batir na ɗazu a kan tebur.

Haɗa waya

Motocin Ingila na da tsarin launi, kuma yana da kyau a bi shi ko da sabuwar waya za a ja, don wanda zai taɓa motar bayanka. A kan RB106:

D na dainamo zuwa D na akwati, waya mai kauri, ruwan ƙasa da ratsin rawaya. Ita ke ɗaukar dukan cajin, kada ta gaza milimita 3 murabba'i.

F na dainamo zuwa F na akwati, siririya, ruwan ƙasa da ratsin kore.

A zuwa batir, ta kan mitar caji ta dashbod in akwai, har zuwa babban notin da wayar batir ke sauka wajen kik. Ita ma mai kauri.

A1 zuwa makunnin fitilu da makullin mota, ruwan ƙasa da ratsin shuɗi.

E zuwa jikin mota, baƙar waya.

Jar fitilar caji tana da ƙafa biyu: ɗaya daga makulli, farar waya, ɗaya zuwa D na akwati. Shi ya sa take kamawa idan ka murɗa makulli, ta mutu idan wutar dainamo ta yi daidai da ta batir. A kan RB340, B ne ke zuwa batir da sauran kaya, fitilar kuma WL.

Kada D da F su musanya. A C40 an yi bakin D ya fi na F faɗi don kauce wa haka, amma idan an yanke kawunan asali an murɗa waya da hannu, kuskuren na da sauƙi, kuma bakin regileta ne zai ƙone. Bi kowace waya da mita daga wannan kai zuwa wancan. Yi amfani da wayar mota mai silli-silli da yawa, ba wayar gida mai ƙwaya ɗaya ba, wadda girgizar hanya ke karyawa a cikin robarta. Kowane kai a matse shi a liƙa da dalma.

Wayar E ƙarama ce amma in ta saki regileta ba ya iya rage caji, sai batir ya yi ta tafasa. A Land Rover a ƙara kula, domin yawancin jikinta alminiyom ne, shasi da bangon gaban direba ne ƙarfe. Kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya fito fari kafin ka ɗaure. Duba kuma kitsattsiyar wayar da ke haɗa inji da shasi.

Dawo da maganaɗisu

Wannan mataki na daƙiƙa biyar ne, kuma tsallake shi ke jawo asarar akwati. Duk dainamon da aka buɗe, ko aka sayo, ko ya daɗe a ajiye, ko aka juya wa motarsa batir, sai an yi masa kafin a tayar da inji. Haɗa batir yadda motar za ta zauna. Cire wayar F daga bayan dainamo. Ɗauko waya daga kan batir da ba ya zuwa jiki, ka ɗan taɓa bakin F na dainamon sau biyu ko uku, taɓawa kawai, za ka ga ɗan tartsatsi. Mayar da wayar F. Shi ke nan, ya san ɓangaren da zai ba da wuta. In ba a yi ba kuma ya kasance a juye yake, katawut na rufewa wutar dainamo da ta batir za su yi karo a bakinsa.

Wanda ke son juya motar zuwa tsarin zamani don ya sa rediyo ko cajar waya, dainamon bai hana ba. Juya batir, musanya wayoyi biyu na mitar caji, musanya ƙananan wayoyi biyu na kwayil ɗin filogi yadda − zai tafi distributa, sannan ka yi wannan taɓawar. Kik bai damu da juyin ba.

Na Bosch da ke kan Beetle kuwa kada a yi masa haka. Bakunansa D+ da DF ne, kuma nasa fil ɗin daga D+ yake shan wuta a ciki, regileta ke haɗa DF da jikin mota. Don haka sai a cire fambel da wayoyin biyu, a haɗa DF da jiki, a taɓa + na batir a D+ na ɗan lokaci har ya juya. A duba kuma ko na bolt 6 ne ko 12, domin Beetle ta daɗe a kan 6 kafin a koma 12 wajajen 1967. Fankar da ke sanyaya injinta a kan sandar dainamon take, saboda haka jar fitila ta kama a Beetle, a tsaya nan take a duba fambel.

Akwatin regileta

Buɗe murfin da batir a cire. Za ka ga naɗi biyu, kowanne da bakinsa. Na katawut a buɗe yake in mota na kashe, na regileta a rufe. Goge bakin katawut da samfefar gilas, na regileta da dutsen washi mai laushi, ka share da tsumma. Kada ka taɓa danna katawut da yatsa alhali batir na haɗe, zai manne, wuta mai yawa ta kwarara cikin ameca.

Tayar da mota da mita tsakanin D da E. Ƙara wuta sannu, katawut ya rufe tsakanin bolt 12.7 da 13.3, jar fitila ta mutu. Don auna regileta, cire wayoyin A da A1 ka haɗa su da juna, ka ƙara wuta har mita ta ɗan zabura ta tsaya. A RB106 ana son 16.0 zuwa 16.6 idan zafin gari digiri 20 ne, amma a digiri 40, irin na watan Afrilu a nan, 15.8 zuwa 16.4. Wannan adadi ba tare da batir ba ne, kada ya tsorata ka, da an mayar da wayoyi zai sauko. Sukurun saiti na bayan firam, dama ƙari, hagu ragi, kaɗan-kaɗan. Gama cikin daƙiƙa 30, in naɗin ya yi zafi awon ƙarya zai ba ka. In adadin na cikin iyaka, kada ka taɓa sukurun. Yawan akwatunan da suka lalace, hannu ne ya lalata su da sunan ƙara caji.

Da komai a haɗe, a kan batir ka ga wajen 13.5 zuwa 14.5 idan inji na gudu. Kashe mota ka kalli mitar caji: ta koma sifiri. In ta faɗi can ɓangaren ragi, katawut ya manne, cire batir da gudu.

Zama da shi

C40 amfiya 22 yake bayarwa, kuma a silo kusan ba ya caji, jar fitila na iya yin ɗan haske a go-sulo, wannan ba cuta ba ce. Manyan fitilu biyu masu wat 60 na cin amfiya 10, ƙananan fitilu da kwayil da waifa su ci wajen 6 ko 7. Ya ishi motar yadda aka ƙera ta, amma babu wurin manyan lasifika ko ƙarin fitilun hanya. Ƙwayayen LED na rage nauyi, sai dai a tabbatar sun dace da ɓangaren da batir ke zuwa jiki.

Fambel kada ya yi tsauri, tsaurinsa ke cinye bushin baya. A tsakiyar murfin baya akwai ɗan rami, ɗiga masa man inji kaɗan duk mil 6,000, wato kusan kilomita 10,000, ko sau biyu a shekara ga motar da ba ta fita sosai. Bayan hunturu a hura iska ta ramukan baya a fitar da ƙura. Lokacin bazara a riƙa duba ruwan batir duk mako biyu, a ƙara ruwan batir na kwalba, ba na rijiya ba. Motar da za ta kwana wata uku ba a tayar ba, a cire mata batir, ranar da za a tayar kuma a sake taɓa F kafin a murɗa makulli.